Protimeter Surveymaster a kicin: na'urar da ke raba gardamar mai fenti da mai rufi

Duk gidan da fentin silin kicin ya fara ɓamɓarewa, gardamar iri ɗaya ce. A kira mai fenti, ya ɗaga kai ya ce, "Alhaji, wannan ai ruwa ne daga sama, ba aikina ba ne." A kira kafintan da ya buga kwano, ya hau ya sauko, ya rantse ko ɗigo rufinsa ba ya yi. Mai POP, wato farin garin filastar da ake yin silin da shi, cewa zai yi, "Oga, ni a bushe na ba da aiki." Ƙarshenta maigida ya gaji, ya sa a kankare a sake shafawa, kafin damina ta zagayo fentin ya sake saɓulewa a daidai inda ya yi da farko. An biya kuɗin fenti sau biyu, an biya kuɗin aiki sau biyu, kuma har yanzu ba wanda ya san dalili.

Na'urar auna danshi don irin wannan aka yi ta, kuma a cikin waɗanda masu duba gine-gine ke riƙewa, Protimeter Surveymaster na daga cikin sanannu. Sunan daga Ingila ya taso, yanzu kuma yana ƙarƙashin kamfanin Amphenol na Amurka. Hukuncinta a taƙaice shi ne: tana yin abin da aka ce tana yi, kuma tana yinsa da kyau, amma ba boka ba ce. Ba za ta ce maka "ga inda ruwan ya fito" ba. Lamba take bayarwa, kuma lamba ɗaya tilo ba ta da wani amfani. Amfanin yana cikin tara lambobi da yawa, a wurare daban-daban da lokuta daban-daban, har su zana maka hoton abin da ke faruwa a saman kanka.

Girmanta bai wuce rimot ɗin talabijin da yawa ba, sai dai ta fi shi kauri. Akwai allon da ke nuna lamba, akwai kuma jerin ƙananan fitilu, kore da rawaya da ja. Hanya biyu take aiki. Ta farko da allurai biyu ne a bakinta, a ƙarƙashin murfi: ka soka su a jikin silin, ɗan ƙaramin lantarki ya ratsa tsakaninsu. Busasshen POP yana tare wa lantarki hanya, jiƙaƙƙe kuwa yana barinsa ya wuce, to wannan bambancin ne na'urar ke mayarwa lamba. Hanya ta biyu babu suka. Akwai wani tudu a bayanta, shi ake jinginawa a jikin silin, ta aika siginar rediyo ciki, ta leƙa har zurfin kusan milimita 20. Lambar wannan hanyar daga 70 take zuwa 999, kuma ba kaso ba ce, ma'aunin kwatance ne kawai: ƙasa da 170 kore, daga 170 zuwa 200 rawaya, sama da haka ja.

Abu na farko da ke ruɗa sabon mai amfani shi ne lambar allurai. Za ta nuna maka, misali, 22 da alamar kaso, sai ka ɗauka kashi 22 cikin ɗari na silin ɗinka ruwa ne. Ba haka ba ne. An saita ta ne da katako, don haka ma'anar lambar ita ce: da katako ne a manne da wannan wuri, da danshinsa zai kai 22. Shi POP ruwan da zai riƙe a ce ya jiƙe kaɗan ne ƙwarai, kashi 1 cikin ɗari na nauyinsa ma ya isa. Ƙa'idar da na'urar ke bi ita ce ƙasa da 17 a bushe, 17 zuwa 20 a sa ido, sama da 20 a jiƙe. Wannan ƙa'ida tana da amfani musamman a gidajenmu, domin galibin silin POP a jikin katakon tu-bai-tu yake rataye, kuma katakon da ya daɗe sama da 20 shi ne ke ruɓewa.

Yadda ake zana taswirar silin

Kada ka fara da wurin da ya lalace. Fara da wurin da ka tabbata lafiyarsa lau, silin falo ko na ɗakin kwana da aka yi da POP iri ɗaya a lokaci ɗaya. Auna wuri biyar ko shida, ka rubuta. Wannan ce lambar gidanka a wannan ranar, kuma da ita za ka gwada komai. Dalili kuwa, lambar busasshen silin a Kano cikin watan Janairu, lokacin da hunturu ke fasa leɓe, ba ɗaya ba ce da ta watan Agusta da ake marka. A hunturu na'urar za ta iya ƙin nuna komai saboda tsabar bushewa, a marka kuma silin da ba shi da laifin komai zai ɗan hau. Wanda bai ɗauki wannan ma'aunin farko ba zai iya sa a kware rufin da ba ya yoyo.

Daga nan ka koma kicin. Kashe wutar ɗakin daga akwatin fis kafin ka kusanci ramukan ƙwan fitila. Yanka farin salatif na takarda ƙanana, ka manna su a layi-layi, tazarar santimita 30 tsakaninsu, tun daga tsakiyar ɓarnar har ka wuce gefenta da mita ɗaya ta kowane ɓangare. Fara bi da hanyar da babu suka, domin ta fi sauri kuma ba ta barin tabo, ka rubuta lambar kowane wuri a kan salatif ɗinsa. Inda lambar ta hau, sai ka tabbatar da allurai. Ka yi wannan sau uku aƙalla: da asuba kafin a kunna wuta, da bayan an sauke girkin rana, sannan washegarin ranar da aka yi ruwan sama mai ƙarfi. Aiki ne mai cin rai, wuya ma sai ya ƙage, amma a nan kuɗin na'urar ke fita.

Idan yoyon rufi ne, taswirar za ta nuna cibiya guda: lamba mai yawa a tsakiya, tana raguwa yayin da kake nisa, kuma sau da yawa akwai zoben tabo mai ruwan ƙasa kamar inda shayi ya bushe a kan takarda. Lambar za ta yi tsalle bayan ruwan sama, ta riƙa sauka a hankali idan aka kwana biyu ba a yi ba, girki kuma ba ya motsa ta. Sai dai a kiyaye, cibiyar tabon ba lallai ta kasance a ƙarƙashin hudar ba. Ruwa yakan bi jikin katako ko wayar da aka rataye silin, ya yi tafiyar mita biyu ko uku kafin ya ɗiga. Wuraren da suka fi bayar da matsala su ne ƙusoshin kwano da robar wuyansu ta ƙone a rana, da kwarin da rufi biyu suka haɗu, da gindin katangar da ake tayarwa don ɓoye kwano, da magudanar siminti da ganye da ƙurar hunturu suka toshe har ruwa ya rasa hanyar indararo ya koma ciki. Gwajin tabbatarwa sai da mutum biyu: ɗaya a cikin silin da tocila, ɗaya a sama da tiyo, yana zuba ruwa daga ƙasan rufin yana hawa sama, minti 10 zuwa 15 a kowane yanki. Wanda ya fara daga ƙololuwa ya jiƙa komai lokaci ɗaya, ba zai san ta ina ruwan ya shiga ba.

Idan bututu ne, lambar ba ruwanta da damina ko rani. A gidan bene da banɗaki ke saman kicin, ko inda aka bi da bututun tanki ta cikin silin, wannan ne abin zargi na farko. Bututun da ke kawo ruwa yana cike dare da rana, don haka lambarsa a tsaye take, kullum ja. Don tabbatarwa, a rufe duk famfunan gida da dare, a sa alama a bakin ruwan tanki, a duba da safe. Na fitar da ruwa kuwa sai an yi wanka ko an kora masai yake ɗiga, don haka lambar takan hau ta sauka. A hana amfani da banɗakin kwana uku ana aunawa kowace safiya; in tana sauka, an kama ɓarawo. Saura a gane bututun ne ko kuwa tayil, ta hanyar toshe magudanar ƙasa, a tara ruwa santimita 2 zuwa 3 a bar shi ya kwana; in lambar ta hau, tayil ne. Akwai kuma wanda ake yawan mantawa: bututun na'urar sanyaya ɗaki da ya ratsa ta saman kicin. In sosonsa ya yage yana zufa, ko bututun fitar da ruwansa ya toshe, sai ka ga tabo a bazara, lokacin da ko ɗigon ruwan sama babu. Shi tabonsa dogo ne, yana bin layin bututun.

Tururi shi ne wanda aka fi rainawa, kuma a nan ne samun hanya biyu a na'ura ɗaya ya fi nuna amfaninsa. Jiƙewar tururi a fuska take. Allurai da aka ɗan taɓa fuskar fenti da su za su nuna ja bayan girki, amma hanyar da ke leƙa ciki za ta tsaya kusa da lambar falo, domin cikin POP ɗin bai jiƙe ba. Da asuba kuma lambar allurai ta sauka. Babu cibiya, babu zoben tabo. Ɓarnar a baje take a saman murhu da kusurwoyin da iska ba ta kaiwa, fentin yana tsattsagewa ƙanana-ƙanana, wani lokaci da ɗige-ɗigen baƙar fumfuna.

Mutane ba sa yarda cewa girki kaɗai zai yi wannan, sai an yi musu lissafi. Gas da kansa ruwa yake haifarwa in ya ƙone: kowane kilo ɗaya yana sakin kusan kilo ɗaya da rabi na tururi. Tukunyar gas mai kilo 12.5 ke nan kusan lita 20 na ruwa take zubawa a iskar kicin kafin ta ƙare, tun ba a ɗora komai a kai ba. Risho ma haka, kusan lita ɗaya na ruwa a kowace litar kananzir. A ƙara da tukunyar wake ko ganda ko kai da ƙafa da za ta yi awa uku tana tafasa, a kicin mai ƙaramar taga guda wadda Hajiya ta rufe saboda ƙuda ko don kada iska ta kaɗa wuta. Iskar da zafinta ya kai digiri 30, danshinta kashi 80, da ta taɓa abin da sanyinsa ya kai kusan digiri 26 za ta sauke raɓa a kansa. A marka, da sassafe, silin da ke ƙarƙashin dekin yana iya kai wannan sanyin cikin sauƙi.

Akwai kuma wani nau'in da ke kwaikwayon yoyon rufi har ya yaudari ƙwararre. Tururi ya bi ta ramukan fitilun da aka huda a POP, ko ta ƙofar shiga silin, ya taru a ƙarƙashin kwano. Cikin daren hunturu, da kwanon ya yi sanyi, sai ya zama raɓa ya ɗigo a bayan silin. Taswirar za ta nuna ƙananan cibiyoyi da yawa a warwatse, a watan Disamba ko Janairu. Abin da ya fi haddasa shi fankar zuƙe hayaƙi ce da aka kafa aka bar bakin bututunta a cikin silin maimakon a fitar da shi waje. Ana yawan yin wannan, domin huda bango aiki ne, kuma ba wanda ke hawa ya duba.

Sai na huɗu, wanda masu fenti ba sa son a kai gare shi: a auna ko'ina, safe da yamma, rani da damina, lambar ta zauna daidai da ta falo, amma fenti na zuba. To ba ruwa ba ne, aiki ne. A nan ajiye na'urar za ka yi ka ɗauki ɓawon fentin da ya faɗo, ka juya bayansa. In ka ga farin gari ya manne masa, ka shafa yatsa a silin ya fito fari kamar ka taɓa alli, to abin da ke ƙarƙashi ne ya saki. Ko dai sikiridin ɗin ne, wato shafen da ake yi don silin ya yi sumul kafin fenti, aka haɗa shi da farin gam irin na kafintoci, wanda ruwa ko tururi ke sake narkar da shi, ko an yi samfefa ba a share ƙura ba, ko an shafa fenti mai kauri kai tsaye a kan sabon POP ya tsotse ruwansa kafin ya kama. In bayan ɓawon sumul ne mai sheƙi, kuma ƙarƙashinsa wani fentin ne lafiyayye, to fentin ruwa aka ɗora a kan fentin mai ba tare da an karce shi ba. Ɗan auduga da sifirit zai raba gardama: fentin ruwa yana laushi ya bi audugar, na mai ba ya motsi. In kuwa bayan ya yi rawaya-rawaya yana danƙo a yatsa, maiƙo ne. Suyar ƙosai da ta naman Sallah da manja suna tashi su kwanta a silin shekara da shekaru, kuma babu fentin da ke kama maiƙo, komai tsadarsa.

Batun fenti a kan ɗanyen POP ya cancanci a tsaya a kansa. Garin POP yana daskarewa cikin mintuna, shi ya sa ake ɗauka ya bushe. Amma ruwan da kilo 100 na garin ke buƙata don ya daskare bai kai lita 19 ba, alhali mai kwaɓawa yana zuba lita 60 zuwa 80 don ya samu ya zuba shi a mazubi ya shimfiɗa filas, wato zaren da ke ƙarfafa shi. Duk rarar sai ta fita ta iska. A hunturu kwanaki kaɗan sun isa, a marka kuwa sai a yi makonni, musamman a wuraren da aka cika haɗi da kauri da gindin ado na gefe. Gidan da ake gaggawar kai amarya, a gama POP ranar Litinin a shafa fenti ranar Alhamis, ya riga ya sayi ɓamɓarewa. Da a ce masu fenti za su riƙa soka allura kafin su buɗe bokiti, da an rage rabin wannan rigima.

Inda take ƙarya

Lantarki na'urar take aunawa, ba ruwa ba, don haka duk abin da ke ba lantarki hanya zai sa ta nuna ja. Na farko gishiri. Ruwan da ya ratso dekin na siminti yakan bar wani farin gari kamar kanwa, kuma wannan garin yana jawo danshin iska. Ko an gyara yoyon tun bara, allurai za su ci gaba da nuna 25 ko 30 a wurin, musamman da damina. Wanda bai san haka ba zai sa a fasa tayil ɗin banɗaki a banza. Alamarsa ita ce lambar tana bin yanayin gari, ba ta bin ruwan sama ko wanka. Maganinsa a kankare wurin a bushe da buroshi mai tauri, kada a wanke da ruwa don yana mayar da gishirin ciki, in ya yi yawa kuma a cire wannan yankin a sake.

Na biyu ƙarfe. Hanyar da babu suka tana leƙa milimita 20, galibin silin POP kuwa bai kai wannan kaurin ba, don haka tana ganin abin da ke kwance a bayansa: wayar ɗauri, ƙusa, wayar lantarki, ƙarfen rataya. In ka ga lamba ta yi tsalle a tabo ɗan ƙarami, ko a miƙaƙƙen layi, ko tana maimaituwa a tazara iri ɗaya, kusan ko yaushe ƙarfe ne. Soka allurai a wurin. In sun ce a bushe, ka yarda da su. Na uku kunkunniya. A kicin ɗin da aka daɗe ana amfani da gawayi ko itace ko risho mai hayaƙi, baƙin da ya kwanta a silin yana iya ɗaga lambar allurai. A kankare ɗan wuri har a kai farin POP kafin a auna.

Babban giɓinta a aikin kicin shi ne ba ta auna danshin iska ko sanyin bango. Kamfanin yana da wata mai yin wannan, MMS, amma ta fi tsada. Ga mai Surveymaster, mafita ita ce ƙaramin agogon auna zafi da danshin iska, irin mai araha, a rataye shi a kicin mako guda ana dubawa. In yana wuce 70 na sa'o'i bayan kowane girki, ba sai an nemi wani dalili da nisa ba. Akwai kuma tsohon gwajin leda, wanda ba ya cin ko sisi: yanka leda mai kauri, santimita 45 kowane gefe, ka manne gefunanta huɗu da salatif a jikin silin, ka bar ta kwana ɗaya ko biyu. Raɓa a cikin ledar, ta ɓangaren silin, ruwa ne daga ciki. Raɓa a wajenta, tururin kicin ne. Hanya ce mai jinkiri, amma gishiri da ƙarfe ba sa ruɗa ta, don haka ta dace a haɗa su.

Wajen riƙo, ba don silin aka tsara ta ba. In ka jingina bayanta sama, allon yana kallon ƙasa, wannan ya yi daidai. Amma da allurai, allon a gicciye yake, kana kan tsani kana karkata wuya. Abin da ke ceto shi ne tana iya riƙe lamba har ka sauko da hannu, ga kuma ƙarar da take yi wadda ke ƙaruwa da yawan danshi, sai kunne ya yi aikin ido. Igiyar allurai ta daban da ke zuwa a jakarta ita ta fi dacewa da aikin sama. Allurai suna barin ƙananan huda biyu, ba matsala a silin da za a gyara, amma a falon da ake ɗaukar ma'auni gara a soka a kusurwa. A kan filastar siminti ko sikiridin mai tauri, kada a danna da ƙarfi, lanƙwashewa suke yi. Sannan a riƙa gwada saitinta kamar yadda littafinta ya nuna kafin babban aiki. Batirin da ya yi rauni ko allura mai tsatsa suna karkatar da lamba.

Farashinta ɗaruruwan daloli ne, kuma da wuya ka same ta a shagon kayan gini na unguwa, yawanci sai an yi oda. Ga ɗan kwangila, ko mai duba gidaje kafin a saya, ko babban mai fenti da ke karɓar aikin rukunin gidaje, kuɗin ba asara ba ne, domin sake fentin gida guda kyauta saboda rigima zai iya cinye fiye da haka. Ga maigida mai kicin ɗaya, ba ta zama dole ba. Ƙananan masu allura biyu ƴan China da ake sayarwa a intanet, a ɗan ƙaramin kaso na kuɗinta, za su zana maka taswirar nan in ka sa su a ma'aunin katako kuma ka yi amfani da su wajen kwatance kawai. Lambarsu ba abin rantsuwa ba ce, biyu daga shago ɗaya ma za su iya saɓawa. Abin da za ka rasa shi ne leƙen ciki, wato raba tururi da yoyo a take, sai leda ta cike maka gurbin.

Bayan an gano dalili, gyaran yana da tsari, kuma na'urar ba ta gama aiki ba. A fara toshe tushen. In silin ya yi ciki ya lotso, a kashe wuta, a sa bokiti a ƙasa, a huda tsakiyar da ƙusa ruwan ya sauka. Kowace lita kilo ɗaya ce, jiƙaƙƙen POP kuma ba shi da ƙarfi, yana iya rufto wa mai girki. Wurin da ya yi laushi har farce na shiga, ko wayar da ke riƙe da shi ta yi tsatsa, yanke shi za a yi a zuba sabo, ba a yi masa kwalliya. Sauran a kankare duk fentin da ya saki har inda ya ƙi tashi. A tsohon gida a jiƙa kafin a goge, a sa takunkumi, domin tsofaffin fentin mai sukan ƙunshi dalma. In kuwa silin ɗin allon asbestos ne ba POP ba, kada samfefa ta taɓa shi sam. A wanke maiƙo da ruwan ɗumi da omo, a ɗauraye sau biyu. Fumfuna a shafa mata kofi ɗaya na bilic a kofi huɗu na ruwa, a bari minti 15, taga a buɗe, kuma kada a haɗa shi da wani maganin wanke banɗaki, hayaƙin haɗin guba ne.

Sannan a jira. A nan ne ake yawan faɗuwa, kuma a nan na'urar ta fi kowa gaskiya: ba a buɗe bokitin fenti sai lambar wurin ta dawo daidai da ta falo, ta zauna haka kwana uku a jere. Fanka da buɗaɗɗiyar taga da ƙofar silin a buɗe suna gaggauta shi. Bayan nan a cike ramuka, a goge, a share ƙura da ɗanyen tsumma. Inda POP yake tsirara, shafin farko fentin ruwa ne da aka tsinka, kamar kashi uku na fenti da ɗaya na ruwa in gwangwanin bai faɗi wani abu daban ba, don ya shige ya kama. Inda akwai zoben tabo, sai an rufe shi da fentin share fage na mai, in ba haka ba ruwan ƙasan zai ɓullo ko an yi shafi biyar na fentin ruwa. In dekin ne da aka yi wa sabuwar filastar siminti, a ba shi mako huɗu, a sa share fage mai jure kaifin siminti. A ƙarshe shafi biyu na fenti mai wankuwa, irin satin, a bar na farko ya bushe sosai kafin na biyu, a kuma ɗaga girki mai tururi kwana biyu ko uku.

In taswirar tururi ta nuna, duk wannan ba zai daɗe ba sai iska ta samu mafita. Ƙa'idar gini ta Ingila tana neman fankar kicin ta fitar da lita 30 na iska a daƙiƙa in tana saman murhu, ko lita 60 in a wani gefen take, kuma ma'auni ne mai kyau a riƙe wajen saye. Bututunta ya huda bango ya fita waje, a bar ta tana aiki minti 15 bayan an sauke tukunya, a kuma toshe gefen ramukan fitilu. Bayan mako biyu a sake hawa tsani da na'urar bayan girkin rana, a auna wuraren nan da aka taɓa manna wa salatif, a gwada da lambobin farko.